Yadda aka yi mini jinyar allura a Gwanzu bayan bakina ya karkace

Ni ɗan kasuwa ne, takalma da jakunkunan mata nake sarowa, kuma sau biyu a shekara nake zuwa Gwanzu a ƙasar Sin. Tun da na dawo daga tafiyata ta watan Mayun 2024, mutum uku suka same ni da tambayoyin da ni ma na rasa mai amsa mini su a lokacin da nake cikin ruɗani. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin daki-daki, yadda ya faru.

Kwanana shida da sauka, ina masauki a unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka da yawa suke zama. Gari ne mai zafi da gumi a wannan lokaci, don haka esi nake kwana da shi, kuma iskarsa kai tsaye take bugun gadon. Kwana biyu kafin abin ya bayyana na riƙa jin ciwo a bayan kunnena na hagu, na ɗauka kwanciya ce ta yi mini ba daidai ba. Ranar Laraba da asuba na tashi alwala, na ɗebi ruwa zan kurkure baki, sai ruwan ya zubo ta gefen hagu ya jiƙa mini riga. Na sake, ya sake zubowa. Da na ɗaga kai na dubi madubi sai na ga bakina ya janye zuwa dama, idon hagu kuma ya ƙi rufuwa, hawaye na bin kumatu. Na yi sallah jikina na rawa, fatihar ma da ƙyar leɓɓana suke haɗa ta. Abin da ya zo mini a rai shi ne shanyewar ɓarin jiki, domin ita ce ta kwantar da mahaifina shekara huɗu kafin rasuwarsa.

Kafin hantsi ɗakina ya cika da abokan tafiya, kowa da tasa shawarar. Wani ya ce in shafa man habbatus sauda, wani ya ce in canja tikiti in koma gida a yi mini na Hausa. Da na kira Hajiya a Kano ta ji yadda maganata take fita, sai ta yi salati ta ce, "Iska ce ta buge ka, ɗan nan. Ka riƙe azkar, zan sa a yi maka sauka." Wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya daɗe yana zuwa garin shi ne ya ce Sinawa sun ƙware kan wannan ciwo da allura, abin da Turawa suke kira akufanca, ya kuma kira mini wani yaro ɗan Damagaram da ke karatun likita a can. Yaron nan, da nake kira Likita tun kafin ya gama karatu, shi ya zame mini baki da kunne har na bar garin. Yana shigowa ya ce in ɗaga hannuwana biyu, in matse yatsunsa, in taka ƙafa. Sannan ya ce, "Alhaji, ɗauko fasfonka. Allura za ta jira, amma akwai abin da ba zai jira ba."

Mun tafi wani babban asibitin gwamnati na likitancin gargajiyar Sin. Nan na fara gyara wata fahimta tawa. Na zaci zan tarar da ɗan shago mai ƙamshin saiwoyi, sai na ga bene mai hawa da yawa, da sashen gaggawa, da ɗakin gwajin jini, da injinan hoto, komai da komai. Mataki na farko shi ne yankar kati, wanda suke kira guahao. 'Yan ƙasa da waya ko na'urar da ke bango suke yi, amma na'urar katin shaidarsu take karantawa, ba ta karɓi fasfona ba, sai da muka bi layin taga kusan rabin awa. A nan ne kuma aka yi kuskuren da ya ba mu wahala daga baya, domin an rubuta sunana na ƙarshe a matsayin na farko. Duk wanda zai je, ya duba yadda aka buga sunansa kafin ya bar tagar. Ni na nace a yanka mini katin sashen allura, amma nas ɗin da ke teburin tantancewa ta dubi fuskata ta ce sashen jijiyoyi za mu fara zuwa. Na biya yuwan 20, wato kuɗin ƙasar Sin, aka ba mu lamba, muka zauna muna kallon allon da ke kiran suna.

Likitan jijiyoyin bai ɓata lokaci ba. Ya ce in ɗaga gira, in runtse ido, in yashe haƙora, in kumbura kumatu. Ɓarin hagu na goshina ko motsi bai yi ba. Ni hankalina ya ƙara tashi, shi kuwa sai na ga ya gyaɗa kai kamar wanda ya samu sauƙi. Likita ya fassara mini dalili. Idan daga ƙwaƙwalwa matsalar take, galibi goshi yana ci gaba da motsi, baki ne kaɗai yake karkacewa. Idan kuwa goshi da ido da baki duk sun mutu a ɓari ɗaya, to jijiyar fuska ce da kanta ta kumbura. Jijiya ce ta bakwai cikin sha biyun da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, tana ratsa wata siririyar hanya a cikin ƙashin kunne, kuma idan ta kumbura ba ta da wurin buɗawa sai ta matse. Ana kiran ciwon da sunan Charles Bell, likitan Sikotilan da ya yi bayanin aikin jijiyar a 1821. Ya leƙa cikin kunnena ko akwai ƙuraje, ya tambaye ni ko ina da ciwon suga ko hawan jini, ya rubuta gwajin jini da hoton kai saboda shekaruna da tarihin mahaifina.

A nan ne tsarinsu ya fi rikita baƙo. Ba a yi maka komai sai ka biya, kuma kowane abu da rasit ɗinsa. Ka sauka ka biya, ka hau a ɗebi jini, ka nemi wani bene don hoto, ka dawo ka ciro sakamako a na'ura. Likita ne yake biya da wayarsa ni kuma in ba shi takardun kuɗi. Hoton kai da gwajin jini sun ci kusan yuwan 450. Da muka dawo da sakamako ƙarfe sha biyu ta gota, ofisoshin duba marasa lafiya sun tafi hutun rana, sai biyu da rabi. Awa biyu da rabin nan da na yi a kan benci, riƙe da hoton kaina da ban iya karantawa ba, su ne mafi tsawo a tafiyar. Da aka dawo, ya ce ƙwaƙwalwata lafiya lau. Ya rubuta mini ƙwayar firedinison mai rage kumburi ta kwana goma, ya ce amfaninta ya fi yawa idan an fara ta cikin awa 72 na farko. Ya ƙara da maganin ɗigawa a ido, da man shafawa na dare, ya ce in riƙa rufe idon da filasta idan zan kwanta, domin idon da ba ya ƙiftawa yana bushewa har ya yi gyambo. Sai a ƙarshe ya rubuta takardar tura ni sashen allura.

Washegari ƙarfe takwas muna can. Wata farfesa ce ta gan ni, dattijuwa mai furfura, ɗalibai huɗu tsaye a bayanta, kuɗin ganinta yuwan 30. Ta karanta takardun jiya tsaf, sannan ta yi nata binciken. Ta ce in zaro harshe, ta dube shi ta faɗa wa ɗalibai wani abu suka rubuta. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna na dama, ta jima, ta koma na hagu. Ta tambayi barcina, da cin abincina, da fitsari da bayan gida, da ko ina jin sanyi, da ko na kwana a gaban fanka ko taga. Da na ambaci esi sai ɗaliban suka dubi juna. Ta ce a fahimtar likitancinsu, gajiyar tafiya ta raunana garkuwar jikina, sai iska mai sanyi ta shiga magudanan fuska ta toshe su. Na sa Likita ya maimaita kalmar. Ya ce feng, iska. Na yi shiru ina tuna maganar Hajiya. Iskar da take nufi daban, wadda farfesar take nufi daban, likitan jiya kuma ƙwayar cuta yake zargi da kumbura jijiyar. Amma ya tsaya mini a rai cewa tsohuwa a Kano da farfesa a Gwanzu sun kira abin da suna ɗaya.

Ɗakin jinyar gadaje ne jere da labule a tsakani, hayaƙi mai ƙamshin ganye yana tashi. Na zaci fuskata za a cika da allurai, sai ta ce a makon farko jijiyar tana cikin kumburi, ba za ta takura mata ba. Ɗalibi ya yage sabuwar leda a gabana. Allurar siririya ce ƙwarai, kaurinta rubu'in milimita, ba ta da rami a ciki kuma ba ruwan magani a jikinta. Wannan ya kamata a sani, domin har yau akwai masu tambayata wane magani ake zubawa. Babu. Aka goge wurin da auduga, ta fara da hannuna na dama, a tudun naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Shigarta kamar cizon sauro ne. Amma da ta ɗan murza ta, sai na ji wani nauyi da tsami sun bi hannun har kusan gwiwar hannu. Na ce wash. Ta tambaya ko zafi ne mai kaifi ko nauyi, na ce nauyi, ta ce madalla. Wannan jin shi suke nema, suna kiransa deqi, wato isowar qi. Ita qi ɗin, da ake furtawa kamar "ci" a Hausa, ita ce ƙarfin rai da suka ce yana zagaya jiki ta magudanai. Idan zafi ne mai kaifi kamar yanka ko kamar lantarki ya ja ka, faɗa nan take a gyara.

Na tambaya me ya haɗa hannun dama da fuskar hagu. Sai ta sa ɗalibi ya zana mini da yatsa a jikina. Sunan gurbin Hegu, ma'ana mahaɗar kwari, shi ne na huɗu a kan magudanar babban hanji mai gurabe 20. Magudanar tana farawa daga kan manuniya, ta hau hannu, ta bi kafaɗa da wuya, ta zo ƙarƙashin hanci ta tsallaka ɗaya ɓarin, ta ƙare a gefen hanci a gurbin Yingxiang, wato maraba da ƙamshi. Saboda wannan tsallakawar ake tsira hannun da ke kishiyar ciwon. Bayan shi ta sa ɗaya a Fengchi, tafkin iska, a loƙon da ke ƙeya inda gashi ya ƙare, da ɗaya a Yifeng, makarin iska, a ɗan ramin da ke bayan kunne, daidai inda na yi kwana biyu ina jin ciwo. Likita ya raɗa mini cewa a karatunsu na zamani, kusa da nan ne jijiyar fuska take fitowa daga ƙoƙon kai. A fuska kuwa guda uku kawai ta sa, sama-sama. Aka bar ni minti 25 da fitila mai ɗumi a gefen kunne, har barci ya fara ɗaukata.

An tsara mini zuwa kullum ban da Lahadi, zuwa goma shi ne zango ɗaya. Ranar Litinin, a zama na huɗu, na yi kuskuren da nake roƙon kowa ya kauce masa. Na tashi da azumin nafila ban gaya wa kowa ba, kuma ran nan gadaje sun cika aka zaunar da ni a kujera. Allura ta biyar na shiga na ji gumi mai sanyi ya keto mini, zuciyata ta tashi, ɗakin ya yi duhu. Nan take suka zare allurai duka, suka kwantar da ni ƙafafu a sama, wani ya danna mini ƙarƙashin hanci da farce, aka kawo ruwan ɗumi da suga. Dole na karya azumin. Farfesar ba ta yi faɗa ba, ta ce abu ne sananne da ke samun mai yunwa ko mai gajiya ko mai tsoro, kuma da na faɗa mata da ta ɗage zaman. Ta ƙara da cewa mai shan firedinison ma bai kamata ya sha shi da cikin wofi ba.

Daga kwana na takwas aikin ya canja. Ta koma fuskar sosai. Akwai Dicang, rumbun ƙasa, a gefen baki, da Jiache, keken muƙamuƙi, a inda nama yake tasowa idan ka cije haƙora. Takan kwantar da allura ɗaya doguwa ta bi ƙarƙashin fata daga na farkon ta nufi na biyun. Akwai Yangbai a saman gira don goshi, Sibai a ƙarƙashin ido, Taiyang a gefen ido inda ciwon kai yake sara, da Yingxiang ɗin nan na gefen hanci. Sai aka maƙala wa wasu allurai wayoyi daga wani ɗan akwati, aka sako lantarki kaɗan-kaɗan har naman fuskata ya riƙa harbawa da kansa. Kafin a kunna sai da aka tambaye ni ko an dasa mini na'urar bugun zuciya. Ranar farko da na ji gefen bakina da ya mutu yana motsi, ko da yake na san injin ne yake motsa shi, sai da na yi hawaye. Ana kuma kunna wani abu kamar sigari mai kauri, na busasshen ganyen da suke kira ai, ɗan'uwan tazargade, a riƙa zagaya shi kusa da bayan kunne ba tare da ya taɓa fata ba. Hayaƙin da na tarar ran farko nasa ne. Wasu ranaku a yi mini ƙaho da ƙananan kofunan gilashi, a manna a cire da sauri a kumatu, ba tsaga ba jini. Wannan kam bai zame mini baƙo ba, duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami ya san shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke auna wuri. Ba da tef suke yi ba, da jikin majinyacin ne. Faɗin babban yatsanka a gaɓarsa shi ne cun ɗaya, yatsunka huɗu a haɗe cun uku. Don haka awon dogo daban, na gajere daban. Da za ta sa mini Zusanli, sai ɗalibi ya ɗora yatsuna huɗu ƙarƙashin loƙon gwiwa na waje, ya matsa faɗin yatsa ɗaya daga ƙashin ƙwauri. Shi ne na 36 a magudanar ciki mai gurabe 45, wadda take farawa ƙarƙashin ido ta gangara har yatsan ƙafa na biyu. Sun ɗauke shi gurbin ƙarfafa jiki da gyara cin abinci, kuma tsofaffi da yawa a ɗakin saboda shi suke zuwa. Ɗaliban suna da wata gajeriyar waƙa ta tun zamanin daular Ming da kowa ya haddace, mai ambaton gurabe huɗu: ciki na Zusanli ne, baya da ƙugu na Weizhong da ke tsakiyar bayan gwiwa, kai da wuya na Lieque da ke gefen wuyan hannu, fuska da baki na Hegu. Na ga hakan da idona, domin direban tasin da ke gadon kusa da nawa ciwon ƙugu ya kawo shi, kuma kullum sai an tsira masa bayan gwiwa. Wata baiwar Allah da ake yi wa jinyar daji kuma Neiguan ake sa mata saboda tashin zuciya, cun biyu sama da layin wuyan hannu ta ciki, tsakanin jijiyoyi biyu.

A bakin sashen akwai mutum-mutumin tagulla mai tsayin mutum, jikinsa duk ƙananan huji da rubutu. Ina jiran layi nakan tsaya in dube shi. Kwaikwayo ne na wanda wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera a 1027, zamanin daular Song. An ruwaito cewa da shi ake jarraba ɗalibai: a shafe shi da kakin zuma, a cika cikinsa da ruwa, ɗalibi ya tsira allura, in ya dace da gurbi ruwa ya fito. A yau gurabe 361 ne aka daidaita a kan magudanai 14, kuma a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin wurarensu bayan masana daga Sin da Japan da Koriya sun zauna sun sasanta bambancinsu. Shi ya sa kowane gurbi yake da lamba da ake ganewa a ko'ina, Hegu LI4, Zusanli ST36. Na tambayi Likita, shi da yake yanka gawa a makaranta, ko ya taɓa ganin magudanan nan. Ya ce, "Alhaji, gaskiya ba a ganinsu kamar yadda ake ganin jijiya ko hanyar jini. Taswira ce da mutanen da suka gabata suka zana daga abin da suka lura da shi. Amma gurabe da yawa suna kan jijiyoyi ko kusa da su." Na ji daɗin wannan amsa, don bai ƙara gishiri ba kuma bai raina abin mutane ba.

Akwai maganar maganin sha da duk Musulmi ya kamata ya sani. A mako na biyu farfesar ta so ta haɗa mini da na gargajiya. Na roƙi Likita ya karanta mini abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ashe tsohon haɗin da suka saba bayarwa don karkacewar baki, Qianzheng San, yana ɗauke da busasshiyar kunama da tsutsar siliki. Na ce a yi mini uzuri. Ba ta ji haushi ba ko kaɗan, ta soke su ta bar na itatuwa zalla. Wasu magungunansu kuma da giya ake jiƙa su. Tambaya ce kawai take raba mutum da wannan, kuma ban ga wanda ya ɗauke ta rashin kunya ba.

A kwana na goma sha biyu ina aske gemu na ga girata ta hagu ta ɗan ɗaga. Na kira Maman yara ta bidiyo na nuna mata, ta yi ta hamdala. A na sha takwas ido ya fara rufuwa in na matsa. Ran Juma'ar ƙarshe na je masallacin Xianxian, wanda ake dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, na kurkure baki ruwa kaɗan ne ya zubo. Zama 16 na yi gaba ɗaya, kowanne tsakanin yuwan 120 da 170 gwargwadon abin da aka haɗa, duk jinyar ta tasam ma yuwan 3,200 ban da kuɗin mota. Bizata ta kwana 30 ce, don haka ban kammala zango na biyu ba. Kwana biyu kafin tafiya muka nemi takardar bayanin ciwo mai hatimin asibiti. Nan kuskuren sunan nan ya taso, sunan kati bai yi daidai da na fasfo ba, muka kashe yini guda tsakanin taga da taga kafin a gyara. Na sa farfesar ta rubuta mini gurabun da ta yi amfani da su da lambobinsu, ta kuma koya mini motsa fuska gaban madubi: ɗaga gira, runtse ido, tsuke baki, kumbura kumatu, a hankali ba da ƙarfi ba.

Tambayar da kowa yake yi mini ita ce, allurar ce ta warkar da kai? Ba zan yi rantsuwa a kan haka ba. Na sha ƙwaya tun ranar farko, kuma likitan jijiyoyin ya gaya mini cewa kusan bakwai cikin goma na masu wannan ciwo suna warkewa sarai ko ba a yi musu komai ba. Masu tantance binciken likitanci ma sun ce nazarce-nazarcen da aka yi kan allura da wannan ciwo ba su yi ingancin da za a yanke hukunci da su ba. Abin da zan iya shaida shi ne ciwon bayan kunnena ya lafa tun zama na biyu, barcina ya gyaru, kuma zuwa kullum wurin mutanen da ke duba fuskata suna auna ci gabanta ya riƙe ni a lokacin da ko waya ba na son ɗagawa. Da za a mayar da ni baya, zan sake yi, kuma zan sake farawa da likitan jijiyoyi.

Ga wanda abin ya samu, ko a Sin ko a gida, ranar farko ta asibiti ce, musamman in akwai nauyin hannu ko ƙafa, ko harshe ya karye, ko gani ya rikice. Kada a ɓata kwana ukun farko wajen neman mai allura ko mai hayaƙi, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ni duka na haɗa. A kula da idon fiye da bakin, domin baki kunya kawai yake jawowa, ido kuwa ana iya rasa shi. In za a yi allurar, a tabbatar mai yin ta ya yi karatunta yana da lasisi, a kuma ga an yage sabuwar leda, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini. A faɗa masa in ana shan maganin tsinka jini ko ana da ciwon suga. Mace mai ciki ta faɗa tun kafin a taɓa ta, domin su da kansu suna kauce wa Hegu da Sanyinjiao, wanda yake yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki, ga mai juna biyu. Kada kuma wani ya kalli hoto a intanet ya sayi allura ya ce zai gwada. Gurabun ƙirji da kafaɗa da bayan wuya suna kusa da huhu da laka, kuma an sha samun waɗanda aka huda wa huhu. Dannawa da yatsa ita ce iyakar abin da farfesar ta yarda in yi da kaina, minti ɗaya ko biyu a kowane gurbi.

Na ci gaba da zuwa gashi a wani asibiti a Kano har wata biyu, na ba su takardar da na zo da ita suka sa a fayil. Yanzu in ban faɗa ba, ba mai gane wane ɓari ne ya taɓa mutuwa. Abu ɗaya ya rage, idon hagu yakan kawo ruwa idan ina cin abinci, musamman mai yaji. Likitan nan gida ya ce rassan jijiyar ne wasu suka bi hanyar da ba tasu ba lokacin da suke sake tsirowa, ya ba ni wata shida in koma ya sake dubawa.